Sayen Wasan Da Aka Datse

Tun da aka fara zuba wasannin talabijin a kan faifai, ana sayarwa mutum ya kai gida ya kalla sa'ad da ya ga dama, wata tambaya ta taso wadda masu saye ba su rabu da ita ba. Sau da yawa wasan da ke cikin kwali ba shi ne ainihin wanda aka nuna tun farko ba. An datse wani wuri, an musanya wani, wani lokaci a faɗa da ƙananan baƙaƙe a bayan kwali, wani lokaci kuwa a yi shiru. To, mutum ya ba da kuɗinsa, ko ya riƙe abinsa? Ba a iya amsa wannan a dunƙule, sai an ɗauki wasa guda an duba abin da aka yi masa. Wanda ya dace ƙwarai da wannan bincike shi ne wani wasan ban dariya na Amurka mai suna WKRP in Cincinnati, domin da wuya a yi zancen datsa a can ba a ambace shi ba.

Wasan Da Mutanensa

Gidan talabijin na CBS ya nuna wannan wasa daga 1978 zuwa 1982, kashi 90 cikin zango 4. Wanda ya ƙago shi, Hugh Wilson, ya yi aikin talla a birnin Atlanta, inda ya yi cuɗanya da ma'aikatan rediyo har ya san halinsu ciki da waje. Labarin kuwa na wani gidan rediyo ne na ƙage a birnin Sinsinati cikin jihar Ohayo, wanda kasuwarsa ta mutu don ba ya sa kome sai kiɗan tsofaffi. Sai aka ɗauko wani saurayi, Andy Travis, aka ba shi shugabancin shirye-shirye, shi kuwa ya juya gidan zuwa kiɗan samari na zamanin, watau rok.

Mutanen gidan takwas ne, kowa da irin taɓinsa. Akwai manaja, Arthur Carlson, mutumin kirki mai tsoron mahaifiyarsa, domin gidan nata ne. Akwai masu sa faifai biyu, Johnny Fever wanda kullum kamar yanzu aka tashe shi daga barci, da Venus Flytrap mai aikin dare. Akwai Les Nessman mai karanta labarai, wanda ba a ba shi ofis ba, sai ya shata layi a ƙasa kewaye da teburinsa ya ce bango ne, kuma dole kowa ya yi kamar yana ƙwanƙwasa ƙofa kafin ya shiga. Akwai Herb Tarlek mai neman talla, da Bailey Quarters mai kunya, da Jennifer Marlowe mai karɓar baƙi, wadda ta fi kowa albashi, ta kuma fi kowa hankali.

Abin da ya ɗaukaka wasan shi ne dariyarsa daga halin mutane ta ke fitowa. Ba a wulakanta kowa don a yi dariya. Har wanda ya fi kowa wauta a kan bar masa ɗan mutuncinsa. Wasan kuma bai tsaya ga raha kaɗai ba. Ran 3 ga Disamba 1979 mutum 11 suka mutu cikin turmutsutsu a ƙofar wani dandali a Sinsinati, wurin kallon makaɗan da a ke kira The Who. Ba a yi wata uku ba masu wasan suka yi kashi guda a kan wannan masifa, suka fara shi da dariya suka ƙare da makoki. Yana da nasa aibi dai. Nacin da Herb, mai mata da 'ya'ya, ke yi wa Jennifer ya kan gundura mai kallo na yanzu, kuma wanda bai san Amurka ta shekarun nan ba wani barkwancin zai wuce shi.

Dalilin Datsa

Tun da ya ke labarin gidan rediyo ne, Wilson ya nace a riƙa sa waƙoƙin gaske, waɗanda jama'a ke ji a lokacin. Har makaɗan da a ke kira Blondie suka ba masu wasan kyautar faifan zinariya, don godiya bisa yadda wasan ya taimaki wata waƙarsu ta bazu, aka rataye shi a bangon ɗakin da a ke wasan.

Amma waƙa a ƙasar nan dukiya ce mai masu ita, kuma masu ita kashi biyu ne. Akwai mai haƙƙin waƙar kanta, watau wanda ya tsara ta ko kamfanin da ya danƙa wa. Akwai kuma mai haƙƙin muryar da aka ɗauka a faifai, galibi kamfanin faifan. Wanda zai sa waƙa cikin wasa sai ya nemi iznin dukansu biyu, ya biya kowa. In ɗaya ya ƙi, ko ya tsuga kuɗi, magana ta ƙare.

Masu wasan sun biya, amma iznin da suka saya na nunawa ne a talabijin, na 'yan shekaru ƙidayayyu. Har ma Wilson ya bayyana cewa sun ɗauki wasan a kaset ɗin bidiyo maimakon fim don kuɗin waƙa ya fi sauƙi ta wannan hanya a lokacin. Ba wanda ya kawo a ransa cewa wata rana za a sayar wa mutane wasan su kai gida, domin a 1978 akwatin bidiyo bai daɗe da shiga kasuwa ba, faifan DVD kuwa bai iso Amurka ba sai 1997. Da wa'adin izni ya cika, aka koma wurin masu waƙa, sai aka tarar farashi ya yi tashin gwauron zabo. Daga nan almakashi ya shiga.

Cikin shekarun 1990 aka sake shirya wasan don maimaitawa a talabijin, aka cire waƙoƙi da yawa aka cusa kiɗa marar suna. Inda ɗan wasa ya ambaci waƙar da aka cire, sai a sa wani ya kwaikwayi muryarsa ya faɗi wani abu dabam. A cikin wani kashi akwai wani baƙo mutumin Rasha wanda wata waƙar Elton John ta shiga ransa, har ya ɗauki baiti guda daga cikinta ya faɗa wa wani ma'aikacin gidan. Da aka hana waƙar, sai aka sa masa a baki waɗansu kalmomi masu kama da baitin a kunne, a kan mutumin da bai iya sa tufafi ba, magana ba kai ba gindi. Mai kallo ya ji jama'a sun tuntsire da dariya, shi kuwa bai ga abin dariya ba.

A 2007 kamfanin 20th Century Fox ya fitar da zango na farko, kashi 22, a faifan DVD. Mafi yawan waƙoƙin ba su ciki, waɗansu wurare kuma an gajarta su. Masu ƙaunar wasan suka yi tsaki, ciniki bai yi kyau ba, kamfanin bai ƙara fitar da sauran zangunan ba. Sai a watan Oktoba 2014 wani kamfani, Shout! Factory, ya bi masu waƙa ɗaya ɗaya, ya fitar da wasan duka da mafi yawan waƙoƙinsa na asali. Bai samu duka ba, kuma tun kafin faifan ya fito ya sanar da jama'a haka.

Ado Da Ginshiƙi

Datsa ba iri ɗaya ba ce, saboda haka hukuncinta ba zai zama ɗaya ba. Akwai ta neman wurin talla: wasan da aka ba rabin sa'a a shekarun 1970 ya kan kai wajen minti 25, in an zo maimaitawa sai a rage shi zuwa wajen 22, wani lokaci kuwa wannan ragaggen shi a ke zubawa a faifai. Akwai ta kawar da maganar da zamani ya daina yarda da ita. Akwai kuma ta kuɗin waƙa, wadda a ke magana a kanta. A kowace iri, abin tambaya guda ne: abin da aka cire ado ne, ko ginshiƙi? In aka kankare zanen da ke bangon soro, soro yana nan. In aka zare azara guda daga rufi, sai a jira damina.

Ga misalin ado. Wani wasan Amurka, Married... with Children, wanda aka nuna daga 1987 zuwa 1997, yana buɗewa da wata waƙar Frank Sinatra. A waɗansu faya-fayansa aka musanya ta da wani kiɗa. Abin bai yi daɗi ba, amma waƙar a bakin ƙofa ta ke, sa'ad da a ke jera sunaye. Da an wuce ta labari yana nan cikakke.

A WKRP kuwa waƙa tana tsakiyar ɗaki. Duk wanda ya saurari tatsuniya a gindin tsohuwa ya san akwai tatsuniyar da waƙarta ita ce labarin: da ita yarinya ke tona asirin wanda ya cuce ta, da ita a ke gane mai gaskiya. In tsohuwa ta tsallake waƙar, ko ta rera wata dabam, yara da kansu za su ce ba haka a ke yi ba. Wurare biyu cikin zango na farko sun isa su nuna haka wannan wasa ya ke.

Na ɗaya, Les Nessman, ɗan tsurut mai sanƙo da tabarau, ya samu Jennifer ta yarda za ta raka shi wurin bikin ba shi lambar yabo. Sai ya sayo hular gashi, ya tsaya gaban madubi yana ɗora ta yana gyara wuyan riga, rediyo kuwa na kaɗa wata waƙar makaɗan Foreigner mai suna Hot Blooded, watau mai zafin jini, waƙar namiji mai ji da kansa. Ba a yi magana a wurin ba. Dariyar duka tana cikin tazarar da ke tsakanin abin da waƙar ke faɗa da mutumin da ke gaban madubi, kuma a cikin dariyar akwai tausayi, domin an leƙa an ga yadda Les ke ɗaukar kansa in ba kowa. A faifan 2007 aka sa wani kiɗa dabam. Abin da ya rage sai mutum yana sa hula. A na 2014 waƙar ta dawo, Les ya dawo da ita.

Na biyu yana cikin kashin da ya fi kowane suna, na talotalo, wanda aka nuna a watan Oktoba 1978. Amurkawa suna da bikin godiya a watan Nuwamba, wanda a ke cin talotalo a cikinsa. Carlson ya ƙudura zai yi wa gidan talla da kansa, bai gaya wa kowa dabararsa ba. Ashe jirgi mai saukar ungulu ya ɗauka, ya riƙa jefo talotalo masu rai daga sama a kan masu cin kasuwa. Ba a nuna wa mai kallo ko gashin tsuntsu ɗaya yana faɗowa ba. Les ne a ke gani, tsaye a bakin kanti yana ba da labari ta rediyo, muryarsa tana tashi daga murna zuwa firgita. Daga ƙarshe Carlson ya dawo a yamutse, ya rantse shi dai ya ɗauka talotalo na iya tashi.

Wannan wuri ba ya bukatar waƙa, kuma masu cewa a saya ko da an datse da shi su ke kafa hujja. Amma me ya kai dattijo mai hankali ga wannan aika-aika? Amsar tana can farkon kashin. Carlson yana zagaya gidan da shi ne shugabansa, ya ga ba wanda ke bukatarsa. Ya shiga ɗakin sa faifai ya tarar Johnny ya sa wata doguwar waƙar makaɗan Pink Floyd wadda a ke jin haushin karnuka a cikinta. Ya tsaya, ya kasa kunne, ya rasa gane ko kiɗa ne ko ɓarna, har ya tambaya ko karnuka ya ke ji. A nan a ke ganin mutumin da zamani ya wuce shi a cikin gidansa. Talotalon da ya jefo daga baya kukan wanda aka manta da shi ne. A faifan 2007 an cire waƙar, an kuma gajarta wurin, sai Carlson ya tashi daga abin tausayi ya koma wawa kawai. Ko a na 2014 waƙar ba ta dawo ba, an sa wata mai kama da ita. Kama da wane ba ta wane, amma dai dalilin labarin ya tsaya da ƙafafunsa.

Hujjar Masu Cewa A Saya

Ba daidai ba ne a yi watsi da maganar ɗaya ɓangaren. Su kan ce da babu gara ba daɗi. 'Yan wasa suna nan, maganarsu tana nan, kuma wanda bai taɓa ganin na asali ba bai san abin da ya rasa ba. Su kan ƙara da cewa kamfani ba don mugunta ya datse ba. In ya biya duk abin da masu waƙa suka nema, faifan zai yi tsadar da ba mai iya saye. Wannan duka gaskiya ne, kuma mai waƙa ma yana da haƙƙin cin guminsa.

Sai dai hujjar tana da rami. Cewa baƙo bai san abin da ya rasa ba, ai nan ne cutar ta ke. Wanda ya san wasan tun asali yana cike gurbin daga ƙwaƙwalwarsa, ya ji waƙar a zuci ko ba a sa ta ba. Baƙo kuwa zai kalli mutum yana sa hula, ya ji an yi dariya, ya yanke hukunci cewa mutanen da ba su da wuyar sa wa dariya. Laifin almakashi sai ya koma kan marubuci da 'yan wasa, alhali da yawansu ba su da bakin kare kansu: Gordon Jump wanda ya fito a Carlson ya rasu a 2003, Hugh Wilson a 2018, Howard Hesseman wanda ya fito a Johnny a 2022. Abin da ya rage na aikinsu shi ne abin da ke cikin kwali. Kowane magatakarda ya san in aka ba shi takarda ya kwafa, ba shi da ikon rage layi ya sa hannu ya ce daidai ta ke da ta asali, domin in ta asali ta ɓace, kwafin nan shi zai zama shaida.

Har wa yau, abin da ya faru tsakanin 2007 da 2014 ya rushe zancen cewa ba yadda za a yi. Ashe akwai yadda za a yi, wahala ce da kuɗi a ke gudu. Da jama'a sun yi rububin faifan farko, da kamfani ya ga ba dalilin wahalar da kansa, da sauran zangunan sun fito a datse. Ƙin sayen da aka yi yana cikin abin da ya bar ƙofa a buɗe har mai haƙuri ya zo.

Hukunci

Bisa ga abin da ya gabata, faifan 2007 bai cancanci kuɗin kowa ba, ko da an same shi da araha, domin araha ba ta ado. An taɓa ginshiƙi, kuma akwai wanda ya fi shi. Na 2014 kuwa ya cancanta, ko da ya ke shi ma ba cikakke ba ne. Abin da ya raba su biyu ne: a na biyun an yi iyakar ƙoƙari a bar kowace dariya da dalilinta, an kuma faɗi aibin kaya kafin a yi ciniki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, ba shi da ƙara. Wanda aka miƙa wa rariya aka ce ƙwarya ce, shi aka cuta.

Wannan ma'auni ya isa a auna kowane wasa da shi. Kafin mutum ya kwance bakin aljihu, ya kamata ya duba shekarar da aka buga faifan da sunan kamfanin da ya buga, domin wasa ɗaya ya kan fito sau biyu ko uku, kwalayen kuwa sun yi kama. Ya karanta ƙananan baƙaƙen da ke baya, ko an ce an sake kiɗa ko an gajarta. Ya raba jimlar mintocin da aka rubuta da yawan kashi, ya ga ko kowane kashi ya kai tsawonsa na asali. Ya kuma tuna faifan da aka buga don Amurka yana da lambar yanki ta 1, mafi yawan ƙasashen Afirka kuwa ta 5 ce, ba kowane akwati ke karɓarsa ba. Bayan wannan duka, sai ya tambayi wanda ya san wasan tun farko, abin da aka cire a bakin ƙofa ya ke ko a tsakiyar ɗaki. In a bakin ƙofa ne, ya saya ya more. In a tsakiyar ɗaki ne, ya riƙe kuɗinsa ya jira, gama masu wannan wasa shekara 7 suka jira, kuma jiran bai zama banza ba.